Kilomita Huɗun da Suka Rage wa Motar Baba

Idan yau da safe kun ga wata tsohuwar mota shuɗiya tana tafiya da baya a gefen titi, ƙafafunta na baya a kan amalanken masu dakon siminti, ƙarti huɗu suna turawa, wani dattijo kuma yana zaune a ciki ya harɗe hannuwa, to ku daina tambayar juna. Motar ta Baba ce, dattijon Baba ne, ni ne kuma mai hakin nan na ɓangaren hagu wanda takalminsa ya tsinke a gaban shagon mai cajin waya. Wani mai babur ya rage gudu ya tambaye ni ko mai ne ya ƙare. Na ce masa mai kam akwai, kilomita ce ta ƙare mana. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ja babur ɗinsa yana yi mana addu'ar samun sauƙi.

Bari in faro muku daga tushe, don kada ku ma ku ɗauka taɓin hankali ne ya shigo gidanmu.

Baba ya yi shekara talatin yana aikin awo a wani babban sito. Buhu ya hau sikeli, ya karanta, ya faɗa, shi ke nan aikinsa, kuma har ya bar wurin ba a taɓa jin ya ƙara ko ya rage wa wani ko da rabin kilo ba. Da ya ajiye aiki, shekara talatin da biyar ke nan, ya tattara abin da aka sallame shi da shi ya sayi motar nan sabuwa dal. Shekara huɗu ya yi yana hawanta, shi ma a hankali, don Baba irin direbobin nan ne da mai keke ke yi wa hon.

A shekara ta biyar ne Masu Girma suka tuna da layinmu. Suka zo da rumfuna da lasifika da wani shebur da aka shafa wa fenti ruwan zinariya. Babban cikinsu ya ɗebi ƙasa sau ɗaya aka yi tafi, aka kafa allo mai cewa za a shimfiɗa mana kwalta da magudanar ruwa, kuma za a kammala cikin wata shida. Washegari motar haƙa ta zo ta tsaga rami tun daga farkon layi har ƙarshensa, zurfinsa ya kai ƙirjin babban mutum, ya bi ta daidai bakin garejin Baba, motar kuwa tana ciki. Daga ranar ba mu sake ganin motar haƙa ba. Mutane suka gitta katako a ƙofar gidajensu suna tsallakawa da ƙafa. Kafinta, maƙwabcinmu na jikin katanga, ya sha yi wa Baba tayin ya haɗa masa falankai masu kauri a fito da motar, Baba ya ce ba zai ɗora sabuwar mota a kan katako ba saboda wata shida kacal. Gwamnati ta rubuta a allo, shi kuma mutum ne da ya yarda da abin da aka rubuta.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Kada in yi wa Masu Girma ƙarya, ba su yi watsi da mu ba: sau bakwai ana zuwa ana sabunta fentin allon, kuma kowane zuwa sai an kafa rumfa an yi jawabi. A duk layinmu babu abin da ya kai allon nan samun kulawa.

Shi kuwa Baba ya ɗaga motar a kan jak don kada tayoyi su kwanta. Duk ƙarshen mako sai ya tayar da ita ta yi minti goma tana numfashi, ya goge ta da tsohuwar rigarsa, ya rufe ta da zanen gado. Banda batir da baƙin mai da tayoyin ƙasa, ba abin da aka taɓa canza mata. Fentin kamfani ne a jikinta, ledar da ta zo da ita tana nan a kujerar baya, tayar safaya ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba, rediyon ma har yau yana kama tasha. Agogon kilomitarta ya tsaya a 19,941. Ina so a rubuta a tarihi cewa Masu Girma ne suka adana mana motar nan. Da sun cika alkawari, da tuni ni da ƙannena mun koyi tuƙi da ita mun mayar da ita gwangwani.

Abin da ya sa muka taɓa ta, idon Baba ne. Yana ta rufe masa duka biyun, a hankali, har ya kai ga yana gaishe da labule idan iska ta motsa shi. Likita ya ce aikin ba wuya, a cire yanar ya koma gani, amma kuɗin ido biyu ya fi ƙarfin mai rubutu a jarida irina. Baba da kansa ya kira ni ya ce a sayar da motar. Ya faɗa ne yana shafa sitiyarin, ni kuma na fita tsakar gida na dawo na ce masa to.

Mai sayen da muka samu, yaran gida suka sa masa suna Mai Tocila, domin ko gaisuwa bai gama ba ya zaro tocila ya kwanta rub da ciki a ƙarƙashin motar da fararen kayansa. Yana cikin mutanen nan masu tara tsofaffin motoci, ba don su hau ba, don su jera su suna kallo. Ya shinshina kujeru, ya ƙwanƙwasa ƙofofi, ya haska lambar inji, da ya ga ledar kujerar baya kuwa sai ya tsaya yana ta haska ta. Ya yi tayin da zai buɗe wa Baba ido biyu har da canjin tabarau. Amma ya gindaya sharaɗi biyu: a kammala takardun sauya mai mota kafin mako ya cika, sannan agogon kada ya kai dubu ashirin. Ya ce a wurin masu irin harkarsu motar da ba ta kai dubu ashirin ba ajinta daban ne, da zarar lambar farko ta juya daga ɗaya zuwa biyu ta faɗo cikin gama-gari. Na yi dariya a raina. Kilomita hamsin da tara ce a hannunmu, ofishin takardu kuwa kilomita shida ne daga gida. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Kafinta ya haɗa falankan da ya yi shekara talatin da ɗaya yana tayi, motar ta tsallake ramin, mata suna leƙe ta taga.

A ofishin takardu na tarar da doka cewa ba a ba da fom sai jami'i ya ga motar da idonsa. Na ce ga ta can a waje. Mai Girma Mai Ajiyar Fom bai ko ɗaga kai ba, ya ce fom ya ƙare, in dawo gobe da motar. Na dawo gida, agogo ya ci sha biyu. Washegari fom ya samu, amma Mai Girma Mai Sa Hannu a Fom ya tafi wani babban otal taron kwana ɗaya a kan hanyoyin sauƙaƙa wa jama'a wahala. Wata sha biyun ta tafi. A rana ta uku ya sa hannu, bayansa yana kallon tagar da motar take, ya tura ni wurin Ranka-Ya-Daɗe Mai Hatimi, wanda aka mayar da ofishinsa wani sabon gini a ɗaya gefen gari. Ginin ya yi kyau, har da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiyar harabar, sai dai babu wutar da za a ga inda za a buga hatimin, sai da na haska masa da wayata. Ranar kilomita sha tara ta tafi. A cikin manyan nan uku babu wanda ya leƙa ya ga ko mota na kawo ko jaki.

Sai kuma mai ya ja baya. Na ɗauki jarka na nufi gidan mai da ƙafa, aka ce an hana sayarwa a jarka, don maganin masu ɓoye mai. Masu ɓoye man suna tsaye a bakin ƙofar gidan man da jarkokinsu a jere suna jin wannan bayani tare da ni. Nasu ya sha haɗi da kananzir, Baba kuwa ya ce ko ɗigo kada ya shiga cikin motarsa. Dole na fito da ita. Gidan mai na farko a rufe, na biyu an ce na motocin Masu Girma ne kaɗai ya rage, na uku na shiga layi tun hantsi sai la'asar na kai bakin famfo. Da na shigar da ita gareji na duba agogo, 19,996. Saura kilomita huɗu, ga ofishin gwaji, wanda shi ne na ƙarshe, yana nesa da mu kilomita tara.

Na zauna a bakin rami na yi tagumi, maƙwabta suka taru ana ta ba da shawara. Mai Shago ya ce a hau ta da ribas har can, wai ya ji an ce agogon tsofaffin motoci komawa baya yake yi. Kafinta ya ce a ɗauko babbar mota a ɗora ta, aka kira mai babbar motar, ya ce shi ma kwanansa biyu a layin mai. Bakaniken layinmu, wanda muke kira Sifana, ya bari kowa ya gama, sannan ya ce mu duka ba mu san mota ba. Wayar agogon daga giya take, giyar kuma ƙafafun baya ke juya ta. In ƙafafun baya ba su taɓa ƙasa ba, ko ƙarshen duniya aka kai ta agogo ba zai motsa ba. A samo amalanke mai ƙarfi, a ɗora bayanta a kai, a ɗaure sitiyari da igiya, a tura.

Sai da na kai maganar gaban Baba, don na san halinsa. Ya auna ta, sannan ya ce wannan ba laifi, ai ba tafiya ta yi ba, ɗaukarta aka yi. Zancen ribas kuwa ya ce kada ya sake jin sa a gidansa. Tun da dole mai mota ya bayyana da kansa a ofishin gwaji, ya sa aka goge masa rigarsa ta fita unguwa, ya shiga ya zauna a mazaunin direba. Haka kuka gan mu yau da safe.

Mun isa wajen sha ɗaya, Kafinta yana dafe da ƙugu, Mai Shago ya daina yi mini magana. A harabar ofishin akwai motocin aiki guda huɗu a jere, kowacce a kan bulo, babu taya ko ɗaya, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinsu. A bangon ciki kuma an kafa allo mai nuna tafiyar da kowacce ta yi a watan jiya da man da ta sha. Ta ƙasa a cikinsu ta yi kilomita dubu tara. Na tsaya na jinjina wa waɗannan motoci, don ban taɓa ganin ƙwazo irin nasu ba.

Mai Girma Babban Magwaji ya fito yana sakace. Shi ne jami'i na farko a duk makon da ya dubi motar, kuma na yaba masa. Ya leƙa agogon, ya tambayi shekarunta, na faɗa masa, sai ya sha mur. Ya ce wannan lamba ba ta shiga hankali. Ya nuna mini ta kan bulon da haɓarsa, ya ce waccan da ko taya ba ta da ita tana yin dubu tara a wata, ta yaya mai taya huɗu za ta kasa cika dubu ashirin a shekara talatin da biyar? Na ce Ranka ya daɗe, tamu ba ta gwamnati ba ce, sai ta motsa take tafiya. Ya ce shi ma abin da ya gani ke nan, masu zaman kansu ba su da himma.

Daga nan ya ce saura gwajin hanya, kilomita biyar, shi a ciki.

Na ja shi gefe na zayyana masa komai, da ramin, da idon Baba, da sharaɗin Mai Tocila, na roƙe shi ya rage zuwa uku. Ya saurare ni da tausayi na gaske. Ya ce doka ba ta raguwa, biyar ce, amma ai abin bai kai na tashin hankali ba. Akwai wani mutum a bayan ofishin, ƙarƙashin bishiya, aikinsa ke nan. In mun dawo zai kwance agogon ya mayar da shi duk lambar da nake so cikin minti goma, kowa ma haka yake yi, har rasit yana bayarwa.

Ba zan ɓoye muku ba, na yarda. Har na fara lissafin in ce a mayar da shi 19,941 ɗinmu na asali, tun da dai ba mu muka ci sauran ba, ofisoshi ne suka cinye. Na manta cewa tagar motar a buɗe take, kuma idon Baba ne ya tafi, kunnensa yana nan.

"Zo nan," in ji shi. Na matsa. Ya ce, "Shekara talatin ina karanta wa mutane sikeli, ban taɓa faɗin abin da bai nuna ba. Yanzu da na daina gani ne za ka sa a karanta mini ƙarya?"

Na ce, "Baba, idonka ne fa. Kilomita ɗaya ce tsakaninka da gani."

Ya ce, "Na ji. Sauke ta ƙasa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da Baba ya ɓaci, ba da Magwaji ba. Na tura mota kilomita tara da tsinkakken takalmi, na jawo maƙwabta sun bar sana'arsu, ga shi tsoho zai zubar da komai saboda wata lamba da ko ganinta ba ya yi. Amma ban taɓa mayar masa da magana ba, ba kuma a gaban baƙo zan fara ba. Muka sauke ta, Sifana ya kwance igiyar sitiyari, na mayar da Baba kujerar gefe, Magwaji ya baje a baya a kan ledar nan da ba wanda ya taɓa zama a kai.

Shi yake nuna hanya. Dama, hagu, miƙe, sake dama. A daidai kilomita biyu da rabi ya ce in tsaya, ya sauka ya shiga shagon wani tela, ya fito da ɗinkinsa a leda yana duba wuyan rigar. A hanyar dawowa yake ba ni labarin cewa a zamanin wanda ya gada gwajin kilomita bakwai ne, don shi telansa ya fi nisa. Ya ce shi ne ya kawo sauƙin.

Ni dai idona yana kan agogo. 19,999. Na rage gudu har masu tafiya a ƙasa suna wuce mu, kamar hakan zai hana wani abu. Baba ya ji motar ta yi sanyi, ya gane. Ya ce in faɗa masa idan ta juya. Muna daidai wata kwana tara-taran nan huɗu suka mirgina tare, a hankali, sifirai suka hau, ɗaya ta koma biyu.

Na ce, "Ta cika, Baba."

Ya miƙa hannu ya lalubi gilashin agogon ya shafa. Ya ce tun ranar da ya saye ta yake son ganin wannan juyin. Ya yi wa mahaifiyarmu alkawarin ranar da za ta cika dubu ashirin zai ɗauke ta su biyu kawai, su hau sabon titi su zaga gari, don kilomita hamsin da tara ce ta rage lokacin da aka yi haƙan. Ta rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, har lokacin katako take tsallakawa. Bai faɗi wannan da kuka ba, faɗa kawai ya yi. Ni ne na kasa ganin hanya sosai, har Magwaji ya yi mini gargaɗin in kula da ramin gabana. Fushin da nake yi ya tafi, kunya ta maye wurinsa.

Da muka koma ofis, Mai Girma ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini takardar shaidar gwaji. A buge take, da hatimi, da sa hannu, da kwanan watan jiya. Gurbin da aka ware don rubuta kilomita kuwa fari fat. Na nuna masa, ya ce wannan gurbin ba a cika shi, ba wanda yake tambaya.

Mai Tocila ya zo da yamma. Ya haska agogon, sannan ya haska kujerar baya, inda Mai Girma ya bar shatin zamansa a jikin leda. Ba mugun mutum ba ne. Ya ji labarin duka, ya girgiza kai, ya gaishe da Baba da hannu biyu, ya ce bai taɓa sayen mota da ya yarda da agogonta kamar wannan ba. Sannan ya zabge kusan rabin tayinsa, domin a cewarsa yarda daban, aji daban. Muka karɓa. Ya kawo motar ɗaukar mota, mai tanki cike, aka ɗora ta. Baba ya tsaya a bakin gareji yana sauraro har ƙarar ta ɓace, riƙe da tsohuwar rigar da yake goge ta da ita.

Na kira likita na faɗa masa abin da ya samu, ya ce zai isa ido ɗaya, mu zaɓa. Na rasa yadda zan gaya wa Baba, na yi ta kewaye-kewaye, sai shi ya katse ni. Ya tambaye ni, in ya zauna a kujerarsa ta ƙofar gida, ta wane gefe allon yake. Na ce ta dama. Ya ce to a buɗe masa na hagu, ya ga jikokinsa. Na daman a bar shi tukuna, sai an gama titi.

Na leƙa waje na duba allon don in san tsawon jiran da ke gabanmu. Fentinsa sabo ne, ko wata uku bai yi ba, kuma ya ce saura wata shida.